Ƙurar Wata da Masu Musun Zuwa Can

Duk wanda ya saba zama a dandali ko ƙofar gida da dare ya san wata gardama wadda ba ta tsufa. Da farin wata ya haska sai wani ya ɗaga kai ya ce, "Wai nan ne Turawa suka ce sun taka?" Wani ya ce ƙarya ne, a cikin ɗaki suka shirya abinsu suka ɗauki hoto. Wani kuma ya ce gaskiya ne, shi a rediyo ya ji. A yi ta ja-in-ja har barci ya raba, kowa ya tafi gida da abin da ya zo da shi. Yau fiye da shekara hamsin ke nan da aukuwar abin, amma gardamar tana nan, a ƙasarmu da ƙasashen Turawan kansu.

Abin da ya sa na ga ya kamata in rubuta wannan tarihi shi ne, ku da kuka gama ajin yaƙi da jahilci kun sami mabuɗin karatu, ba sauran mai ɓoye muku abin da ke cikin takarda. Amma fa ku sani takarda ba ta ƙin tawada. Da gaskiya da ƙarya duk da baƙaƙe iri ɗaya a ke rubuta su. Saboda haka mai karatu yana bukatar ma'aunin da zai riƙa auna labari. Mu kuwa muna da irin wannan ma'auni tun kaka da kakanni. In an ce an ga watan azumi, ba a karɓar maganar kowane mai wucewa. Sai an tambayi wanda ya gani, a ina ya tsaya, da wane lokaci, yaya kuma kamannin watan. Malamai sun ce sai an sami adilai biyu, ko kuwa jama'a mai yawa wadda ba zai yiwu ta haɗa baki a kan ƙarya ba. To, da wannan ma'auni za mu auna labarin zuwa wata. Babban mai shaidar da za mu kira kuwa shi ne ƙura, domin da ita masu musu suka fi kafa hujja.

Asalin Tseren

Bayan an gama yaƙin duniya na biyu cikin shekara ta 1945, sai ƙasashe biyu suka fi kowa ƙarfi, watau Amurka da Rasha. Ba su yi yaƙin fito-na-fito ba, amma kowace tana so ta nuna wa duniya ita ce gaba. Ran 4 ga watan Oktoba 1957 Rashawa suka harba wata 'yar na'ura mai suna Sputnik, ta shiga kewaya duniya. Ran 12 ga Afrilu 1961 suka sake aika mutum, sunansa Yuri Gagarin, ya kewaya duniya sau ɗaya ya komo da ransa. Abin ya yi wa Amurkawa zafi ƙwarai. Ran 25 ga Mayu na wannan shekara shugabansu, Kennedy, ya tsaya gaban majalisa ya ce kafin shekarun 1960 su ƙare ƙasarsa za ta kai mutum wata ta kuma komo da shi lafiya.

Ƙasarmu ma ta sa hannu a farkon wannan aiki. Da ya ke kumbo yana kewaya duniya da sauri, sai da Amurkawa suka kakkafa tashoshin sauraro a wurare da yawa don kada maganar matuƙi ta yanke. Ɗaya daga cikinsu a Kano aka kafa ta. Sa'ad da John Glenn ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu 1962, tashar Kano tana cikin waɗanda suka bi sawunsa.

Aikin bai tafi ba tare da hasara ba. Ran 27 ga Janairu 1967 wuta ta kama cikin kumbo ana gwaji a ƙasa, mutum uku suka mutu, su ne Grissom da White da Chaffee. An ƙiyasta mutanen da suka yi aikin shirin nan, wanda a ke kira Apollo, sun kai 400,000, da masana da maƙera da maɗinka da akawuna. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Tsoron Ƙura Tun Ba a Je Ba

Tsakaninmu da wata akwai tafiyar mil 239,000 ko kusa da haka. Kafin a je, ba wanda ya san yadda ƙasarsa ta ke. Cikin shekara ta 1955 wani masanin taurari, Thomas Gold, ya ce a ganinsa filayen wata cike su ke da ƙura mai zurfi. Aka shiga tsoron kada kumbo ya sauka ya nutse kamar yadda jaki kan kafe a taɓo. Don haka aka fara aika na'urori ba mutum a ciki. Ta Rashawa, mai suna Luna 9, ta sauka ran 3 ga Fabrairu 1966, ba ta nutse ba. Ta Amurkawa, Surveyor 1, ta sauka ran 2 ga Yuni na shekarar, ita ma ta tsaya daram. Daga nan aka tabbata akwai ƙura, amma ƙasan tana iya ɗaukar nauyi.

Ran 16 ga Yuli 1969 kumbon Apollo 11 ya tashi daga jihar Fulorida da mutum uku, Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins. Da suka isa, Collins ya zauna cikin babban kumbo yana kewaya wata, sauran biyun suka shiga ƙarami suka gangara. Ran 20 ga wata suka sauka. Suna gab da taɓa ƙasa sai hucin injin ya fara share ƙura, tana gudu ta kowane gefe har ta so ta hana su ganin inda za su dira. Da aka kashe injin sai ƙurar ta ɓace nan take, wuri ya washe kamar ba a yi ba. Armstrong ya taka ƙasar wata kusan ƙarfe huɗu na asubahin ran 21 ga wata, agogon Nijeriya. Cikin maganarsa ta farko ya ba da labarin ƙasar, ya ce laushi gare ta kamar gari, tana kuma manne wa takalminsa kamar garin gawayi. Suka yi kamar sa'a biyu da rabi a waje, suka ɗebi ƙasa da duwatsu, suka komo duniya ran 24 ga Yuli.

Daga wannan tafiya zuwa watan Disamba 1972 an sauka wata sau shida, mutum 12 suka taka shi. Tafiya ɗaya, ta Apollo 13 cikin 1970, ba ta yi nasara ba, domin tankin iska ya fashe a hanya, da ƙyar mutanen suka komo. Jimlar ƙasa da duwatsun da aka kawo kilo 382 ne. Bayan haka gwamnatin Amurka ta tsai da tafiye-tafiyen saboda tsadarsu.

Yadda Musu Ya Taso

Tun ranar da aka ba da labarin akwai waɗanda ba su yarda ba, ba kuwa abin mamaki ba ne, don abin ya fi ƙarfin abin da ido ya saba gani. Amma musun bai yi ƙarfi ba sai cikin shekara ta 1976, sa'ad da wani Ba'amurke, Bill Kaysing, ya buga littafi yana cewa ba a je ba sam, majigi ne kawai aka shirya. Mutumin nan ya taɓa aiki a wani kamfanin ƙera injin kumbo, ya bar aikin tun 1963, shekara shida kafin a sauka. Littafinsa ya zo daidai lokacin da Amurkawa suka daina amincewa da shugabanninsu, saboda ɓoye-ɓoyen da aka yi musu kan yaƙin Biyetnam, da kuma abin kunyar da ya sa shugaba Nixon ya sauka daga mulki cikin 1974. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Cikin 2001 wani gidan talabijin na Amurka ya sake tayar da maganar, daga nan intanet ta ɗauka ta watsa ko'ina.

Kada mu raina masu shakka. Matambayi ba ya ɓata, kuma tambayoyinsu na masu lura ne. Game da ƙura, uku ne suka fi yawa a bakinsu. Ta farko, sun ce ga hoton sawun takalmi ya fito raɗau, alhali kuwa busasshen yashi ba ya riƙe sawu sai an jiƙa shi, kuma an ce babu ruwa a wurin. Ta biyu, sun ce in babu laima babu iska, me ya manna ƙura a tufafin mutanen har suka yi duƙun-duƙun? Ta uku, sun ce in da gaske inji ya hura ƙasa, me ya sa ba a ga rami ƙarƙashin kumbon ba, kuma ƙurar ba ta sauko ta rufe ƙafafunsa ba? Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sawu Ba Ruwa

Ku ɗebi yashin rafi ku duba shi da kyau. Za ku ga ƙwayoyinsa sun yi sumul, domin ruwa da iska sun daɗe suna gurza su da juna har kaifinsu ya tafi. Shi ya sa in an taka busasshen yashi sai ya zame ya cike sawun. To, ku je murhu ku taka toka, ko ku danna hannu a kan garin siminti. Babu ɗigon ruwa a ciki, amma shatin yatsunku zai fito sarai ya kuma zauna. Ashe ba laima kaɗai ke riƙe sawu ba, siffar ƙwayar ma tana riƙewa.

Ƙurar wata ba ruwa ne ya yi ta ba, ba kuwa iska ba. Akwai duwatsu manya da ƙanana masu yawo a sararin sama. In sun nufo duniyarmu, yawancinsu kan ƙone cikin iska kafin su iso ƙasa, su ne mu ke gani da dare kamar tauraro ya faɗo. Wata ba shi da iskar da za ta kāre shi, saboda haka ko ƙwayar da ba ta kai ta gero ba takan faɗa masa da gudun da ya fi na harsashi nesa. Tana bugun dutse sai ta farfasa shi, zafin bugun kuma ya narkar da wani sashe ya zama gilashi, ya daskare da gutsattsarin dutse a jikinsa. Shekaru aru-aru ana wannan daka, har ƙasar ta zama gari, da yawa daga ƙwayoyinta ba su kai kaurin gashin kai ba. Da aka duba su da madubin ƙara girma sai aka ga kowace ƙwaya tana da kaifi da ƙugiyoyi, kamar gutsuren fasasshiyar kwalba. In takalmi ya danne irin waɗannan ƙwayoyi sai su sarƙe da juna su tsaya yadda aka bar su. Da ya ke kuma babu iska babu ruwan sama, ba abin da zai share sawun da sauri.

Abin da Ke Manna Ƙura

Amsar tambaya ta biyu kashi uku ce. Na farko shi ne kaifin nan da muka faɗa. Kowa ya san yadda ƙarangiya ke kama bakin wando in an ratsa gona da kaka. Ba danƙo gare ta ba, ƙayoyinta ne ke shiga tsakanin zare. Haka ƙurar wata ke shiga saƙar tufafi, in an goge ta sai ta ƙara nutsewa ciki.

Na biyu shi ne rashin nauyi. Ƙarfin da wata ke jan abu da shi kashi ɗaya ne cikin shida na ƙarfin duniyarmu, watau buhun da ya yi kilo 60 a nan, can sai a ji shi kamar kilo 10. Ƙwayar ƙura da ma ba wani nauyi gare ta ba, can kuma ya ragu sau shida, saboda haka ɗan abu kaɗan ya isa ya riƙe ta a jikin bango ko tufa.

Na uku, wanda ya fi su ban mamaki, mu mutanen ƙasar hunturu mun fi kowa saninsa. In hunturu ya yi tsanani, mutum ya ja bargo cikin duhu, yakan ji ƙara ƙas-ƙas, har ya ga tartsatsi. In kuma yaro ya goga matajin roba a gashinsa ya kusantar da shi ga 'yan yage-yagen takarda, sai su yi tsalle su manne masa. Wannan lantarki ne wanda ke taruwa a jikin abu in an goga shi da wani, shi ne kuma ke sa abubuwan su ja juna. Da damina ba a cika ganin haka ba, domin laimar da ke cikin iska tana kwashe lantarkin kafin ya taru. Ni kaina na lura a ofis, da damina in na karkaɗe marfin roba na littafin rajista ƙura takan tashi, amma da hunturu ina gogewa tana komowa.

To, wata ya fi kowane hunturu bushewa, babu laimar da za ta kwashe kome. Ban da wannan, hasken rana yana dukan ƙasarsa kai tsaye ba shamaki, dukan nan kuwa yana sa ƙurar ta ɗauki lantarki. Rana kuma tana feso waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu ɗauke da lantarki, su ma suna sauka a kan ƙasar, har ta gefen da ke cikin dare. Sa'an nan ga gogayyar takalmi da taya. Saboda haka rashin laimar da masu musu suka ce zai hana ƙura mannewa, shi ne ma babban abin da ke sa ta manne.

Rami da Ƙafafun Kumbo

In mota ta wuce a kan hanyar burji, ƙura takan turnuƙe ta daɗe a sama, sa'an nan ta sauko a hankali ta rufe mai tafiya da kayansa. Abin da ke riƙe ta a sama iska ce. Inda babu iska, ƙwayar ƙura da dutse tafiyarsu ɗaya ce: in an jefa su sai su miƙe, su lanƙwaso, su faɗi, ba tsayawa. Hucin injin kumbo ya bugi ƙasa ya watsu gefe da gefe, ya kwashi ƙurar sama-sama ya jefar da ita nesa ƙwarai. Babu wadda ta rage a sama da za ta sauko ta zauna kan ƙafafun kumbon. Abin da Armstrong ya gani ke nan sa'ad da wuri ya washe nan take.

An ma sami inda ƙurar ta tafi. Cikin watan Nuwamba 1969 mutanen Apollo 12 suka sauka kamar mita 160 daga wata na'ura, Surveyor 3, wadda ke can tun 1967. Suka je da ƙafa suka ciro waɗansu sassanta suka kawo gida. Da masana suka duba sai suka tarar gefen da ke fuskantar wurin saukar ya gurzu da ƙura, kamar an watsa masa yashi da ƙarfi.

Batun rami kuwa, matuƙi ba ya dira da cikakken ƙarfin inji, rage shi ya ke yi ƙwarai kafin ya taɓa ƙasa. Kuma laushin ƙasar wata a sama-sama ya tsaya, ƙarƙashi a daddage ta ke kamar daɓe. Armstrong da Aldrin sun sha wahala wajen kafa sandar tuta, 'yan inci kaɗan ta shiga ta ƙi gaba.

Akwai wata hujja kuma wadda ta fi waɗannan ƙarfi. A tafiye-tafiye uku na ƙarshe an tafi da 'yar mota mai aiki da batir. Cikin watan Afrilu 1972 aka ɗauki majigin John Young yana tuƙa ta. Ana ganin ƙura tana tashi daga bayan taya, ta yi baka, ta faɗi gaba ɗaya, ba ta bar hazo ko kaɗan ba. Cikin 2012 waɗansu masana biyu na jami'ar Kolorado suka auna tafiyar ƙurar nan hoto bayan hoto, suka tarar ta dace da wurin da babu iska, mai jan abu da kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin duniya. Da a ɗaki aka ɗauka, ko a hamada, da iska ta tona asirin.

Wahalar da Ƙura ta Ba Su

Mutanen da suka je sun komo suna kuka da ƙurar nan fiye da kome. Ta kankare gilashin hulunansu, ta cinye bayan safar hannunsu, ta shiga mahaɗar tufafinsu ta sa su tauri. Ta zauna kan na'urori, da ya ke kuma baƙa-baƙa ce sai ta riƙa shan zafin rana tana sa su zafi fiye da kima. Sun tafi da buroshi, amma bai iya fid da masu laushin ba. A tafiyar ƙarshe, cikin Disamba 1972, gudumar da ke aljihun Eugene Cernan ta maƙale ta karya marfin da ke kāre ƙurar taya. Ƙura ta riƙa zubo musu a ka, sai da suka haɗa takardun taswira huɗu suka liƙe suka yi wani marfin. Abokin tafiyarsa, Harrison Schmitt, masanin duwatsu, da ya cire hularsa cikin kumbo ya shaƙi ƙurar, sai ya kama atishawa, idanunsa suna ruwa. Da yawansu sun ce warinta kamar na albarushi bayan an harba bindiga. Tufar da Armstrong ya sa an ajiye ta a gidan kayan tarihi na birnin Washinton, da ƙurar a cikin saƙarta.

Matsalar ba ta tsaya a zamaninsu ba. Cikin watan Maris 2025 wata na'urar Amurka mai suna Blue Ghost ta sauka wata, ta gwada wata dabara ta korar ƙura daga jikin gilashi da ƙarfin lantarki, dabarar kuwa ta yi aiki. Ku duba, mutane ba sa ɓata dukiya shekara hamsin suna neman maganin cutar da su da kansu suka ƙaga.

Shaidun da Ba na Gida Ba

Alƙali ba ya wadatuwa da shaidar ɗan'uwan mai ƙara. To, bari mu nemi shaidar abokin gaba. Ba wanda ya kai Rashawa son a ce Amurka ta yi ƙarya, suna kuwa da na'urorin da za su gane. A ranakun nan ma wata na'urarsu, Luna 15, tana kewaya wata, ta faɗi ta farfashe ran 21 ga Yuli 1969, Armstrong da Aldrin suna can ba su taso ba tukuna. Masanan Ingila a tashar Jodrell Bank sun saurari duka biyun. Gwamnatin Rasha ba ta taɓa musun saukar ba. Cikin 1970 na'urarsu Luna 16 ta ɗebo ƙasar wata giram 101 ba tare da mutum ba, cikin 1971 ƙasashen biyu suka yi musayar abin da suka samo, aka gwada aka ga halittarsu ɗaya. Ƙasar Sin ita ma ta ɗebo tata cikin 2020 da 2024, ba ta zo da abin da ya ƙaryata ta farko ba.

Mai shakka yana iya cewa, to ai ga shi na'ura ma tana iya ɗebowa. Gaskiya ne, kuma tambaya ce mai kyau. Amma Rashawa sau uku suka ɗebo, duka bai kai rabin kilo ba. Na Amurkawa kilo 382 ne, a ciki har da dutse guda mai nauyin fiye da kilo 11. An ajiye yawancinsu a birnin Hustan, ana kuma ba masanan ƙasashe dabam-dabam aro suna bincike. A jikin duwatsun akwai 'yan ramuka masu bakin gilashi, tabon ƙwayoyin nan masu gudu, irin da ba a samu a dutsen duniya domin iska ta kāre mu.

Har wa yau mutanen Apollo 11 da 14 da 15 sun bar waɗansu madubai a can. Masana a Amurka da Faransa sun yi shekaru suna harba musu haske mai ƙarfi, ya je ya komo cikin daƙiƙa biyu da rabi, da haka aka gane wata yana ƙara nisa da mu kamar inci ɗaya da rabi kowace shekara. Wannan shaida ita kaɗai ba ta isa ba, don Rashawa ma sun ajiye nasu da na'ura. Amma cikin 2009 da 2011 wani kumbon Amurka mai kewaya wata ya ɗauko hoton wuraren saukar, ana ganin gindin kumbunan da aka bari, da layin sawun mutane a kan ƙura kamar turbar awaki. Cikin 2021 kumbon ƙasar Indiya, Chandrayaan-2, shi ma ya ɗauko hoton inda Apollo 11 da 12 suka sauka.

Hukunci

Yanzu mu komo ga ma'auninmu. An nemi adilai biyu, mun sami Rasha da Ingila da Indiya da Sin, waɗansunsu ma ba sa ga-maciji da mai labarin. An nemi jama'ar da ba za ta iya haɗa baki ba, mun sami mutum 400,000. Duk wanda ya yi aikin ofis ya san asirin da mutum uku suka sani ba ya kwana bakwai bai kai kasuwa ba, balle na dubban ɗaruruwa har shekara hamsin. Sa'an nan ga ƙura, wadda ba ta da ƙasa ba ta da jam'iyya, ba kuma a iya ba ta toshiyar baki. Tambayoyi ukun da aka yi da ita, kowace da aka bi ta har ƙarshe sai ta koma shaida cewa an je.

Inda masu musu suka yi kuskure shi ne, sun auna ƙurar wata da ƙurar ƙofar gidansu, suka ga ba su yi daidai ba, suka tsaya nan. Da sun ƙara taki ɗaya sun tambayi abin da ya sa, da sun sami ilmi. Waɗansu kuma suna jin tsoron kada yarda da labarin ya taɓa imaninsu. Ni dai a ganina wata halitta ce cikin halittun Allah, kamar teku da duwatsu, kuma wanda ya san ƙwayar ƙura guda tana bin ƙa'idar da aka ajiye mata a can kamar yadda ta ke bi a nan, tsoron Mahaliccinta ne zai ƙaru a zuciyarsa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in wani labari ya zo muku a takarda ko a waya, ko na wata ne, ko na magani, ko na wata ƙabila, kada ku yi gaggawar karɓa, kada kuma ku yi gaggawar ƙaryatawa. Ku tambaya wa ya faɗa, wa ya gani, me abokin gabansa ya ce, wace shaida kuma a ke iya taɓawa da hannu. In hunturu ya zo ku gwada mataji da 'yar takarda a gaban 'ya'yanku, ku gaya musu abin da ya manna ta shi ne ya manna ƙura a tufar mutanen da suka taka wata. Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, Ya tsare mu da yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, amin.